Panasonic Lumix FZ300: yadda take aiki wajen ɗaukar hoton malam-buɗe-littafi cikin zafin rana

Duk wanda ya taɓa bin malam-buɗe-littafi da wayar hannu a lambu da tsakar rana ya san cewa babbar matsalar wannan aiki ita ce tazara. Wayar hannu tana buƙatar a kusanto da ita har kusan ta taɓa furen kafin ƙwaron ya cika hoto, shi kuwa ƙwaron, idan jikinsa ya yi ɗumi, ba ya yarda hannu ko inuwar mutum su matso kusa da shi haka. Saboda wannan dalili ne nake ganin kyamarar Panasonic Lumix FZ300, duk da cewa tsohuwar ƙira ce kuma tana da rauni bayyananne a wasu wurare, tana cikin kayan aikin da suka fi dacewa da mai son kallon waɗannan ƙwari da ɗaukar hotonsu a ƙasa mai zafi irin tamu. Tana ba mutum damar tsayawa a tazarar mita ɗaya ya cika hoto da ƙwaron, kuma hasken rana mai ƙarfi, wanda yake wahalar da mai ɗaukar hoton, shi ne kuma yake rufe mata mafi girman aibinta.

Kamfanin Panasonic ya fitar da ita a shekarar 2015 a matsayin magajiyar FZ200 ta shekarar 2012, kuma a Ingila an fitar da ita da sunan FZ330. Tana cikin irin kyamarorin da gilashinsu yake haɗe da jiki, ba a cire shi ba a canza shi. Gilashin yana zuƙowa har ninki 24, daga abin da ya yi daidai da milimita 25 zuwa milimita 600 a ma'aunin manyan kyamarori, kuma abin da ya bambanta shi da na takwarorinta shi ne ƙofar haskensa tana iya zama a buɗe a kan f/2.8 (ƙaramar lamba tana nufin ƙofar ta fi buɗewa) tun daga farkon zuƙowa har ƙarshensa, alhali a yawancin kyamarori masu dogon zuƙo ƙofar tana tsukewa zuwa f/5.9 ko fiye da haka idan aka kai ƙarshe. Sensarta, wato ɗan allon da ke karɓar haske a ciki, ƙarama ce, faɗinta bai wuce milimita shida da ɗan kaɗan ba, kuma tana ɗaukar megafiksel 12. Nauyinta da batir da katin memori kusan giram 690 ne, an kuma toshe mahaɗanta domin kada ƙura da yayyafi su shiga. Lokacin da ta fito, kuɗinta a Amurka ya kai kusan dala 600.

Kafin a yanke wa kyamarar hukunci, ya kamata a fahimci halin abin da ake son ɗauka, domin zafin rana yana sauya ɗabi'arsa gaba ɗaya. Malam-buɗe-littafi ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar tsuntsu ko dabba mai shayarwa, daga rana yake samo shi, kuma tsokar da ke motsa fikafikansa ba ta aiki sosai sai ƙirjinsa ya yi ɗumin da ya kai wajen digiri 30. Shi ya sa da hantsi ake ganinsa a kan ganye ko a ƙasa ya shimfiɗa fikafikai yana shan rana, a lokacin kuwa yana da nauyin jiki, mutum zai iya matsowa kusa da shi ko da wayar hannu. Amma da zarar rana ta ɗaga, al'amarin ya canza. Jikinsa ya riga ya yi zafi, tashinsa ya yi sauri, ba ya daɗewa a kan fure ɗaya, kuma idanunsa, waɗanda suka ƙware wajen gano motsi, suna sa shi tashi da zarar wani abu ya gifta. Idan zafi ya tsananta sosai, da yawa daga cikinsu sukan rufe fikafikai su juya gefensu yadda rana ba za ta buge su da faɗi ba, wasu kuma su shige ƙarƙashin ganye su fake har sai ta yi sanyi. Ke nan mai ɗaukar hoto a rana mai zafi yana fuskantar ƙwaro mai tsananin faɗaka wanda daƙiƙa biyu ko uku kawai yake bayarwa, a cikin haske mai kaifi wanda yake ƙone farare ya kuma baƙanta inuwa.

A nan ne gilashin FZ300 yake nuna amfaninsa. Idan aka kunna tsarin ɗaukar abu na kusa, aka zuƙo har ƙarshe, kyamarar tana iya saita gani, wato ta fitar da abu tangaran, a kan abin da yake mita ɗaya daga gare ta. Idan ba a kunna wannan tsari ba, mafi kusancin da take iyawa a ƙarshen zuƙowa mita biyu ne, kuma wannan shi ne abu na farko da sabon mai ita ya kamata ya sani, domin mutane da yawa suna zaton kyamarar ta gaza ne alhali maɓalli ɗaya ne ba su danna ba. A tazarar mita ɗaya, malam-buɗe-littafi mai matsakaicin girma yana cika hoto har ya kusa yin yawa. Wanda na fi gwada ta a kansa shi ne mai ruwan lemo da baƙin baki da ɗigo-ɗigon fari, wanda masana suke kira Danaus chrysippus, wanda tsutsarsa take cin ganyen tumfafiya, saboda haka duk inda tumfafiya ta yi yawa a bayan gari ko a gefen gona da wuya a rasa shi. Faɗin fikafikansa yakan kai santimita bakwai zuwa takwas, kuma irin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma yana da farin fili a fikafikan baya. Daga inda nake tsaye, ba tare da na taka ciyawa ko inuwata ta faɗa a kansa ba, hoton yana fitowa da ɗigon farin da ke kansa da ƙirjinsa, da dogon bakinsa mai naɗewa a miƙe cikin fure. Wannan ƙwaro yana da sauƙin kai, domin gubar da ya tara daga tumfafiya tun yana tsutsa ta sa tsuntsaye suna gudunsa, shi ya sa yake tashi a hankali ba tare da fargaba ba, kuma ina ba duk mai koyo shawarar ya fara da shi.

Akwai wata fa'ida ta biyu da ƙaramar sensa take bayarwa wadda ba kasafai ake ambatonta ba. A ɗaukar hoton ƙananan abubuwa, babbar wahala ita ce zurfin wurin da yake fitowa tangaran a hoto: da babbar kyamara da gilashin kusa na milimita 100, sau da yawa idon ƙwaron yana fita sarai amma ƙarshen fiffikensa ya yi dishi-dishi, sai mutum ya tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, abin da yake cinye hasken da ake buƙata domin saurin ɗauka. A FZ300 kuwa, ainihin tsawon gilashin milimita 108 ne kawai a ƙarshen zuƙowa, saboda haka f/2.8 ɗinta yana ba da zurfin da ya yi kama da na wajen f/16 a babbar kyamara idan an ɗauki hoto iri ɗaya. Sakamakon haka, jikin ƙwaron da mafi yawan fikafikansa suna fita tare, yayin da ciyawar da ke bayansa, muddin tana da ɗan nisa, take narkewa ta zama launi mai laushi. Ni dai na fi barin ta a kan f/4, inda nake ganin gilashin ya fi kaifi. Ba na wuce f/5.6, domin a irin wannan ƙaramar sensa tsuke ƙofa da yawa yana rage kaifin hoto maimakon ya ƙara shi, kuma iyakarta ma a hoto f/8 ce. Duk da wannan zurfi, har yanzu wajibi ne mutum ya daidaita tsayuwarsa yadda fuskar gilashin za ta kasance daura da shimfiɗar fiffike, musamman idan ƙwaron ya rufe fikafikansa ana ɗaukar shi ta gefe.

Aibin ƙaramar sensa sananne ne. Idan haske ya yi ƙaranci aka ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, hoto yana yin yashi-yashi, ƙananan zane-zanen fiffike kuma suna gogewa. A ganina, har zuwa ISO 400 hoton yana da kyau, a 800 ana iya haƙuri da shi idan don gane nau'in ƙwaro ake so, abin da ya wuce haka kuwa ba na amfani da shi. Sai dai a ranar da take ƙwallewa babu gajimare, wannan matsala ba ta tasowa ko kaɗan. A ISO 100 da f/4, hasken tsakar rana yana ba da saurin ɗauka na wajen kashi ɗaya cikin 1600 na daƙiƙa, wanda ya isa ya tsayar da rawar hannu da kaɗawar fure a iska. Wato a daidai yanayin da wannan sharhi yake magana a kai, kyamarar tana aiki ne a inda ta fi ƙarfi, kuma wanda ya kalli hoton da aka ɗauka a irin wannan haske a allon kwamfuta ko aka wanke shi a takarda mai matsakaicin girma zai yi wuya ya gane cewa daga sensa mai girman ta wayar hannu ya fito.

Abin da rana take kawowa na wahala shi ne ƙonewar farare, kuma a nan ƙaramar sensa ba ta da sassauci. Yankinmu na savana cike yake da fararen malam-buɗe-littafi da masu ruwan ɗorawa: akwai Belenois aurota, fari mai jijiyoyi masu duhu, wanda tsutsarsa take cin anza da danginta, wanda kuma wani lokaci yake yin ƙaura cikin ayari mai yawan gaske, akwai Catopsilia florella da ke yin ƙwai a kan tafasa da rai-ɗore, akwai kuma dangin Colotis, farare masu ja ko ruwan lemo ko shunayya a ƙarshen fiffike, waɗanda suke son busasshiyar ƙasa da zafin rana fiye da kowa. Idan aka bar kyamarar ta auna haske da kanta, tana duba koren ganyen da ke baya, wanda ya fi duhu, sai ta buɗe haske, farin fiffike kuma ya zama fili fayau babu jijiya babu zane, kuma abin da ya ƙone haka babu manhajar da za ta dawo da shi. Maganin shi ne a rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki ko mataki ɗaya cur a ma'aunin haske na kyamarar kafin a ɗauki farin ƙwaro, a kuma kunna alamar zane-zane da kyamarar take da ita, wadda take nuna layuka a kan duk wurin da yake gab da ƙonewa tun kafin a danna. Ina kuma ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, tare da JPEG, wato hoton da aka saba da shi, domin RAW yana ba da ɗan sarari na gyara inuwar da ta yi duhu bayan an rage haske. Sararin ba shi da yawa, amma sau da yawa shi ne yake ceton hoton Colotis da aka ɗauka da azahar.

Wurin da na fi jin daɗin wannan kyamara shi ne bakin fadama da gefen kwatamin ban-ruwa a lokacin bazara. Lokacin da daji ya bushe furanni suka yi ƙaranci, malam-buɗe-littafi yana taruwa a lambunan rani da duk inda ƙasa take da danshi, kuma idan rana ta yi zafi akan ga gungunsu, yawanci maza, sun sauka a kan jiƙaƙƙen yashi ko laka, musamman inda shanu suka yi fitsari ko kashi, suna tsotsar ruwa domin gishirin da ke cikinsa, wanda ba sa samunsa da yawa a zaƙin fure. Wannan taro shi ne babbar kyautar da rana mai zafi take bai wa mai kallo, domin a nan ne ƙwarin suke zama na mintuna maimakon daƙiƙoƙi. Hoton da aka ɗauka daga tsaye ba ya yin kyau, laka ce kawai take cika shi. Ana buƙatar a sauke kyamarar har kusan ƙasa domin a ɗauke su ta gefe, kuma allon bayan FZ300, wanda yake buɗewa gefe ya juya sama ko ƙasa, yana ba da damar yin haka a tsugune ba tare da an kwanta cikin taɓo ba. Allon yana karɓar taɓawa, saboda haka ana iya dangwala ƙwaron da ake so a cikin gungu kyamarar ta saita gani a kansa. Gaskiya ne cewa a tsananin rana allon yana dusashewa, sai an ƙara haskensa an kuma kare shi da inuwar malafa kafin a ga abin da ake yi da kyau. A duk sauran yanayi tagar leƙe, wato wurin da ake sa ido a saman kyamara, nake amfani da ita, wadda take da girma da haske fiye da yadda ake tsammani a kyamara mai wannan kuɗi, kuma jingina kyamarar a fuska yana taimaka wa na'urar hana rawa da ke cikin gilashin wajen riƙe hoto a milimita 600.

Game da saitin gani, yana da sauri a haske mai kyau, amma yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani. Idan aka bar shi ya zaɓi wuri da kansa, ko aka yi amfani da babban akwatin saiti, yakan tsallake ƙwaron ya kama ciyawar da ke baya, kuma idan ya tafi can yana jinkirin dawowa. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne ƙanƙantar da akwatin saitin zuwa mafi ƙanƙanta, a ɗora shi a kan kai ko ƙirjin ƙwaron, idan kuma ya kuɓuce sai a nuna kyamarar ƙasa a daidai tazarar furen, a danna maɓallin ɗauka rabi, sannan a ɗago. Akwai ɗan gargare a gefen gilashin da ake iya gyara saiti da shi da hannu, da kuma wani maɓalli na zuƙowa a wurin da babban yatsan hagu yake zama, kuma bayan ɗan sabo hannu yana samun su ba tare da an ɗauke ido daga taga ba.

Ɗaukar ƙwaro a cikin tashi ya fi komai wuya, kuma a nan kyamarar tana da wata dabara da take da amfani da kuma farashi. A tsarin hoton 4K tana ɗaukar hotuna 30 a daƙiƙa ɗaya, kowanne megafiksel 8, kuma ɗaya daga cikin nau'o'in wannan tsari yana adana daƙiƙa ɗaya kafin a danna maɓalli da daƙiƙa ɗaya bayan an danna. Amfanin wannan a bayyane yake: yatsan ɗan Adam ba ya riga malam-buɗe-littafi tashi, amma idan mutum ya danna a lokacin da ya ga ya tashi, kyamarar ta riga ta riƙe hotunan lokacin da fikafikan suka buɗe ƙafafu suka saki fure. Ga nau'o'in da ba sa buɗe fikafikai a zaune idan rana ta yi zafi, irin su Catopsilia, wannan kusan ita ce hanya ɗaya tilo ta ganin saman fiffike. Haka kuma tana taimakawa wajen babban baƙin nan mai ɗigon ruwan ɗorawa, Papilio demodocus, wanda tsutsarsa take cin ganyen lemun tsami da lemun zaƙi, wanda kuma ba ya daina kaɗa fikafikai ko yana shan zaƙin fure. A irin wannan ɗauka ana buƙatar sauri na kashi ɗaya cikin 2000 na daƙiƙa ko fiye. Farashin dabarar shi ne kyamarar tana ta ɗauka ba tsayawa muddin tsarin yana kunne, saboda haka batir yana saurin ƙarewa jikinta kuma yana ɗumama, sannan wani lokaci fiffiken da yake cikin tsananin motsi yana fitowa a ɗan karkace, domin sensar tana karanta hoto ne layi bayan layi. Ana kuma buƙatar katin memori mai sauri, irin mai alamar U3. Ina kunna tsarin ne kawai idan na riga na sami ƙwaro a zaune ina jiran tashinsa.

Batun zafi a kan kyamarar kanta ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Kamfanin ya ƙayyade cewa an yi ta ne domin aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, a watan Afrilu kuwa zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan kai wannan iyaka ko ya wuce ta ko a inuwa, baƙin jikin kyamara a rana kuma ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba. A ɗaukar hoto na yau da kullum ba ta ba ni matsala, amma ina kashe ta tsakanin ɗauka da ɗauka, ina rufe ta da farin ƙyalle idan tana rataye a wuya, kuma ba a barin ta a cikin mota a rufe. Batir ɗaya, a ƙiyasin kamfani, yana ɗaukar hotuna wajen 380, adadin da yake raguwa sosai idan ana yawan zuƙowa da amfani da 4K. Babban abin da zan so a ce an yi dabam shi ne caji: ba a cajin batirin a jikin kyamara ta igiyar USB, sai an cire shi an sa a caja mai shiga soket, abin da yake da wahala ga wanda yake zaune inda wutar lantarki ba ta tsayawa ko wanda ya tafi ƙauye. Batir na biyu wajibi ne, kuma akwai ƙananan cajoji na wasu kamfanoni da ke aiki da fawa-banki, waɗanda suke warware matsalar. Toshewar da aka yi mata daga ƙura kuwa alheri ce babba ga mai fita a lokacin hunturu ko ƙarshen rani, kuma rashin canza gilashi yana nufin ba a buɗe cikinta ƙura ta sauka a kan sensa.

Inda take gazawa a fili shi ne cikin inuwa mai duhu. Wanda yake son manyan Charaxes masu ƙarfin tashi, waɗanda suke sauka a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ruwan da ke tsatsowa daga jikin itace a ƙarƙashin kurmi, ko wanda zai shiga dazuzzukan kudu da na tsaunukan Filato inda rana ba ta ratsa ganye, zai ga cewa dole ya ɗaga ISO, hotunan kuma su rasa kaifin da suke da shi a fili. Haka nan ƙananan malam-buɗe-littafi shuɗɗa da faɗinsu bai wuce santimita biyu ba suna zama ƙanana a hoto daga mita ɗaya, megafiksel 12 kuma ba ya ba da damar yanke hoto da yawa. Ga waɗannan, da ƙwai da ƙananan tsutsotsi, ana iya maƙala ƙarin gilashin kusa irin Raynox DCR-150 a bakin gilashin, wanda zarensa milimita 52 ne, sai dai hakan yana mayar da tazarar aiki zuwa wajen santimita 20, wato an koma ga matsalar kusanci, saboda haka sai da sassafe yake da amfani.

Idan aka kwatanta ta da wasu, Sony RX10 IV ta shekarar 2017 tana kai wa milimita 600 da sensa mafi girma da saitin gani mafi ƙwarewa, kuma babu shakka hotonta ya fi, amma nauyinta ya haura kilo ɗaya kuma kuɗinta lokacin fitowa ya kusa ninka na FZ300 sau uku. Kyamarori masu zuƙo mai tsawon gaske irin Nikon P900 sun fi dacewa da tsuntsaye, domin a ƙarshen zuƙowarsu sai abu ya yi nisan mita biyar kafin su iya saita gani. Babbar kyamara da gilashin kusa na milimita 100 tana fitar da ƙananan ɓawon da ke jere a kan fiffike kamar jinkar ɗaki, abin da FZ300 ba za ta iya ba, amma tana buƙatar a kusanci ƙwaron zuwa ƙasa da rabin mita, kuma da tsakar rana mafi yawansu ba za su jira ba. Ga ɗalibin ilimin halittu, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin gona da yake son sanin abin da ke cin ganyen lemunsa, ko mai sha'awa kawai, ina ganin FZ300 ce ta fi daidaita tsakanin kuɗi da nauyi da yawan hotunan kirki da mutum zai koma gida da su.

Akwai kuma amfanin da ya wuce kyawun hoto, wanda ni a wurina ya fi muhimmanci. Najeriya tana da nau'o'in malam-buɗe-littafi sama da dubu, amma abin da aka rubuta game da na arewacinta kaɗan ne idan aka kwatanta da na dazuzzukan kudu, kuma hoto mai kyau da aka sa a manhaja irin iNaturalist tare da wuri da kwanan wata shaida ce da masu bincike suke amfani da ita. Tagar leƙe a milimita 600 tana aiki kamar madubin hangen nesa, har mutum ya iya rarrabe abubuwan da ido ba ya rarrabewa. Misali, macen Hypolimnas misippus tana kwaikwayon launin Danaus chrysippus domin tsuntsaye su zaci ita ma mai guba ce, kuma a cikin tashi da wuya a bambance su, amma a hoto ana ganin ɗigo uku ko huɗu baƙaƙe a tsakiyar fiffiken baya na Danaus waɗanda mai kwaikwayon ba ta da irin jerinsu. Haka kuma Vanessa cardui, wanda bincike ya tabbatar yana ƙetare Sahara daga Turai ya zo ya hayayyafa a savanar Afirka bayan damina, yana iya sauka a kowane lambu a watan Oktoba ko Nuwamba, kuma kowane hoto nasa mai wuri da kwanan wata yana da daraja. Kyamarar ba ta da GPS a jikinta, saboda haka sai a daidaita agogonta da na waya, a riƙa ɗaukar hoton wurin da waya domin a san inda aka tsaya, a kuma yi ƙoƙarin samun saman fiffike da ƙasansa, domin nau'o'i da yawa ba a gane su sai an ga duka biyun.

Da yake tsohuwar ƙira ce, mafi yawan waɗanda za a samu a kasuwanninmu na hannu ne, kuma akwai abubuwan da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi. A haska fitilar waya cikin gilashin a duba ko akwai zare-zaren fumfuna, wanda yake kama kyamarar da aka ajiye a wuri mai laima. A zuƙo daga farko zuwa ƙarshe a saurara ko motar gilashin tana ƙara ko tana cijewa, domin gyaranta yakan kusa kai kuɗin wata kyamarar. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama a kan f/8 a duba ko akwai baƙin ɗigo da ke maimaituwa a wuri ɗaya, alamar ƙura ta shiga ciki, wadda ba a iya gogewa sai an kwance kyamarar. A juya allon baya ta kowace fuska a ga ko hoto yana ɗaukewa, a tabbatar da cewa cajar batir da murfin da ke kare bakin gilashi daga rana suna cikin kayan, sannan a fita da ita waje, a kunna tsarin ɗaukar abu na kusa, a zuƙo har ƙarshe, a gwada ta a kan wani ganye da yake nisan mita ɗaya a ga ko tana saita gani a kansa ba tare da kai-komo ba.